Tumaki da Awaki: Tarihin Gardamar Kirista a Kan Waye Ɗan'uwan Alƙali

A ƙarshen sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, daga aya ta 31 zuwa ta 46, akwai wani zance na Yesu wanda Kirista suka fi sani da misalin tumaki da awaki. Shi ne koyarwarsa ta ƙarshe a wannan littafi kafin a shiga labarin kama shi, kuma babu shi a Markus ko Luka ko Yohanna. Abin da ke ciki gajere ne. Ɗan Mutum zai zo da ɗaukakarsa ya zauna a gadon sarauta, a tara masa dukan al'ummai, ya ware su yadda makiyayi ke ware tumaki daga awaki, waɗansu a dama, waɗansu a hagu. Ma'aunin da zai auna su da shi ayyuka shida ne: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishirwa, saukar da baƙo, tufatar da wanda ba shi da sutura, duba mara lafiya, da ziyartar ɗan kurkuku. Zai gaya wa na dama cewa shi suka yi wa waɗannan abubuwa, ya gaya wa na hagu cewa shi suka hana. Ɓangarorin biyu duka za su yi mamaki su tambaye shi yaushe suka taɓa ganin sa a wannan hali, shi kuwa zai amsa cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka yi wa. Kusan shekara dubu biyu ke nan malaman Kirista suna ja-in-ja a kan ko su wane ne waɗannan 'yan'uwa: duk wani mabukaci ne a doron ƙasa, ko mabiya Yesu kaɗai? Wanda ya bi wannan tarihi da natsuwa zai ga ya rabu gida biyu. Akwai abin da masu sharhi suka rubuta, wanda galibi yana taƙaita 'yan'uwan, akwai kuma abin da Kirista suka aikata da sunan misalin, wanda kusan kullum yana tsallake iyakar da masu sharhin suka ja. A ganina masu aikin sun fi masu rubutun fahimtar zancen, kuma dalilin yana cikin nassin kansa.

Jerin ayyukan ba sabon abu ba ne ga waɗanda suka fara jin sa. Annabi Ishaya a sura ta 58 ya riga ya bayyana cewa azumin da Allah ke so ya haɗa da raba abinci da mayunwaci da shigo da mara gida. Ezekiyel a sura ta 18 ya sa ciyarwa da tufatarwa cikin alamomin adali, a sura ta 34 kuma ya kawo Allah a matsayin makiyayi mai yin shari'a a cikin garkensa. Ayuba ma da irin waɗannan ayyuka ya kare kansa. Tun kafin su, Masarawan dā suna rubuta wa mamacinsu shaidar cewa ya ba mayunwaci gurasa, ya ba mai ƙishi ruwa. Mai karatu Musulmi zai tuna da hadisin ƙudusi da ke cikin Sahihu Muslim, ta hanyar Abu Huraira, inda Allah ke tuhumar ɗan Adam ranar kiyama a kan rashin duba mara lafiya da rashin ciyarwa da shayarwa, ko da yake malaman Musulunci sun fassara shi ta hanyar da ta dace da tauhidinsu. Abu biyu ne suka ba zancen Matiyu nauyinsa a wurin Kirista: alƙalin ya sa kansa a matsayin wanda aka taimaka ko aka wulakanta, sannan babu ko ɗaya cikin waɗanda ake yi wa shari'a da ya san haka lokacin da yake aikatawa.

Dole a fara da ba masu taƙaitawa haƙƙinsu, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Yawancin masana suna ganin an rubuta Bisharar Matiyu tsakanin shekara ta 80 da ta 90 bayan haihuwar Almasihu, mai yiwuwa a Antakiya ta Suriya, a cikin wata ƙaramar jama'a da ta rabu da majami'ar Yahudawa, ba ta kuma da kowa a fadar Romawa. Masu wa'azinta suna yawo gari gari ba guzuri, suna kwana inda aka sauke su, wani lokaci a kurkuku. A sura ta 10 Yesu ya aiki almajiransa a daidai wannan hali, ya ce wanda ya karɓe su ya karɓe shi, har wanda ya ba ɗayansu moɗar ruwan sanyi ba zai rasa lada ba. A sura ta 12 ya ce 'yan'uwansa su ne masu aikata nufin Ubansa, a sura ta 28 kuma bayan tashinsa almajiran ya kira da wannan suna. Idan aka jera waɗannan, sai misalin ya zama ta'aziyya ga tsirarun da ake tsananta wa: duniya za ta amsa tambaya a kan yadda ta yi da ku.

Da wannan fahimta ikilisiyar farko ta soma. A wajejen 253 mahara suka kwashe Kirista a Numidiya, ƙasar da ke gabashin Aljeriya ta yau. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya tara sestar 100,000 a kuɗin Romawa ya aika a fanso su, a wasiƙarsa kuma ya kafa hujja da wannan misali, cewa Almasihu ne ke tsare a jikin 'yan'uwan da aka kama. Amma a waɗannan shekarun ne kuma annoba ta faɗa wa Kartaj, mutane suna jefar da majinyatansu a titi suna gudu, sai Sifiriyan ɗin nan ya tara jama'arsa ya umarce su da su yi jinyar kowa, har da waɗanda jiya jiya suke tsananta musu. Mai ba da tarihinsa, Fontiyus, shi ya adana wannan labari. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, sarki Juliyan wanda ya bar addinin Kirista ya koma bautar allolin Roma ya rubuta wa babban limamin Galatiya yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka, ya ba da umarni a buɗe masaukan baƙi don a yi gogayya da su. Shaidar abokin gaba ce, shi ya sa take da daraja. Tana nuna cewa tun ba a je ko'ina ba, hannu ya riga ya wuce inda sharhi ya tsaya.

Ƙarni na 4 a gabashin daular Roma shi ne lokacin da misalin ya fi samun masu ɗaukar sa da gaske. A 368 zuwa 369 fari ya jawo yunwa a Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau. Basil na Kaisariya ya sayar da abin da ya gada, ya matsa wa masu ɓoye hatsi su buɗe rumbunansu, ya kafa tukwane yana rabon abinci da kansa, kuma ƙanensa Giregori na Nisa ya shaida cewa har 'ya'yan Yahudawa an ciyar. Daga baya ya gina wata unguwa guda a bayan gari, da masaukin baƙi da wurin jinya da wurin kutare, wadda mutane suka riƙa kira da sunansa. Amma wanda ya mai da wannan nassi abin wa'azinsa na kullum shi ne Yohanna Kirisostom, limami a Antakiya, sannan bishop na Kustantiniya daga 398. Ya koma kansa sau ɗaruruwa a cikin wa'azozinsa. Ya gaya wa attajiran Antakiya cewa ba su da hujjar yi wa bagadi ado da siliki da kofunan zinariya alhali Almasihu yana bakin ƙofa sanyi na kaɗa shi. Ya ambata cewa ikilisiyar birnin tana ɗauke da nauyin gwauraye mata da 'yan mata 3,000, ban da fursunoni da majinyata da baƙi. A wa'azinsa kan wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya hana a tsaya binciken addinin wanda ke cikin wahala, Bayahude ne ko mai bautar gumaka. Ba a bar shi ya tsufa a kan kujerarsa ba. Fada ta gaji da harshensa, aka kore shi, ya rasu a hanyar gudun hijira a 407.

A yamma kuwa manyan malamai sun fi yin taka-tsantsan. Jerom, wanda ya rubuta sharhin Matiyu a Baitalami a 398, ya san ana fassara zancen da kowane matalauci, amma ya ce shi a ganinsa ana nufin masu aikata nufin Allah. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya faɗa wa jama'arsa cewa wannan nassi yana girgiza shi ƙwarai, sai dai abin da ya dame shi daban ne. Ya ga masu hali da suka mai da misalin lasisi: tunda sadaka ce ma'auni, sai mutum ya ci gaba da zalunci da fasiƙanci, ya riƙa jefa wa mabarata 'yan kuɗi yana ganin ya sayi alƙali. A littafi na 21 na babban aikinsa kan Birnin Allah ya rushe wannan tunani, ya ce sadakar da ba ta tare da tuba ba ita ake nufi ba. A nan ne kuma ya yi amfani da ayar ƙarshe ta misalin ya ƙalubalanci masu bin ra'ayin Orijin na Iskandariya, waɗanda suke fatan azaba za ta ƙare wata rana, ya ce siffa ɗaya aka ba rai da hukunci, in ɗaya ya dawwama ɗayan ma haka. Wannan gardama ba ta mutu ba har yau, amma ba ita ce ta fi shafar rayuwar talaka ba.

Abin da ya shafe ta shi ne labarai da dokoki da hotuna. A wajejen 397 Sulfisiyus Seberus ya rubuta tarihin Martin na Tur, sojan Roma wanda a ƙofar garin Amiyan, cikin tsananin hunturu, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba wani mabaraci rabi, da dare kuma ya yi mafarkin Almasihu sanye da wannan rabin. Babu inda labarin ya ce Martin ya tambayi mabaracin addininsa, shi kansa ma a lokacin ba a yi masa baftisma ba. A ƙarni na 6 dokar Benedik ta gidajen zuhudu ta ce a karɓi duk baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar Almasihu ne, ta kuma sa kula da mara lafiya a gaba da komai. A farkon wannan ƙarni na 6, a cocin Sant'Apollinare Nuovo da ke Rabenna a Italiya, masu aikin ƙananan duwatsu masu launi suka jera ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan wannan shari'a. Almasihu matashi ne ba gemu, sanye da shunayya, yana zaune a kan dutse. Mala'ika mai jan tufa yana damansa, mai shuɗi yana hagunsa. Tumaki uku farare suna gefen dama, ya miƙa musu hannu, awaki uku masu duhu suna hagu, bai ko dube su ba. Babu wuta a hoton, babu ma'auni, babu shaiɗanu masu ƙahoni irin waɗanda za su cika bangon coci bayan ƙarnuka. Waɗanda suka yi shi sun ga cewa juya fuska kaɗai ya isa hukunci.

A tsakiyar zamanai Turai ta mai da ayyuka shidan nan bakwai, ta ƙara binne mamaci daga littafin Tobit, Toma Akwinas kuma ya tsara su a ƙarni na 13 tare da waɗansu bakwai na ruhu. Aka kafa ƙungiyoyi a kan kowanne. Ƙungiyar Triniti ta 1198 da ta Marsed ta 1218 aikinsu fansar Kiristan da aka kama a yaƙi ko a teku. A Lisbon sarauniya Liyono ta kafa ƙungiyar jinƙai a 1498, wadda rassanta suka bi jiragen Fotugal har Brazil da Indiya. A garin Bon na Bargandi, a Faransa ta yau, Nikola Rolan, wazirin sarkin yankin, da matarsa suka gina asibitin matalauta a 1443. Gadaje suna jere hagu da dama a wani dogon zaure, a ƙarshensa akwai ɗakin sujada da babban zanen ranar shari'a na Rojiya fan da Waidin, wanda aka rubuta kalmomin wannan misali a jikinsa, an kafa shi inda majinyaci zai hango daga kan gadonsa. Wannan asibiti ya yi aiki har 1971. Babu mai musun alherin da aka yi. Amma a nan ne abin da Agustin ya ji tsoro ya yi jijiya. Attajiri yana rubuta a wasiyyarsa yawan matalautan da za a tufatar ranar jana'izarsa don su yi masa addu'a, matalauci ya zama tsanin da mai kuɗi ke takawa ya hau sama. Mutumin da ya ƙirga sadakarsa ya ajiye rasit ba zai yi mamakin komai ba ranar shari'a, alhali mamakin nan shi ne zuciyar misalin.

Wani mai zane da ba a san sunansa ba ya gane haka. A 1504 ya yi wa cocin garin Alkmar a Holan alluna bakwai, kowanne da aikin jinƙai ɗaya a titin gari irin na zamaninsa. A allon farko mai gida da matarsa suna rabon burodi a ƙofa, guragu da makafi sun yi cincirindo, a bayansu kuma Almasihu yana tsaye cikin taron da tufafi marasa ado, babu wanda ya kula da shi, mai rabon ma idonsa na kan kwandonsa. Yau allunan suna gidan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam, da tabon wuƙaƙen masu farfasa hotuna na ƙarni na 16 a fuskokin mutanen ciki. Tabon nan shaida ne na rikicin da ya biyo baya. A 1517 Martin Luther, cikin batutuwansa 95, ya ce wanda ya ba matalauci ya fi wanda ya sayi takardar yafe zunubi. Amma koyarwarsa cewa ceto ta wurin bangaskiya ne kaɗai ta sa wannan misali ya zama ƙashi a wuyan Furotesta, domin ko sau ɗaya bai ambaci bangaskiya ba, malaman Katolika kuma suka riƙa ɗaga musu shi. Amsar da John Calvin ya bayar a Janiba ita ce ta zauna: an ce wa na dama su gāji mulkin da aka shirya musu tun kafuwar duniya, gādo kuwa ba albashi ba ne, ayyukan shaida ce ta abin da alheri ya riga ya shuka. Majalisar Katolika ta Tirento a 1547 ta tsaya a kan cewa ayyukan da aka yi cikin alheri suna da lada na gaske. Abin lura shi ne yadda gardamar ba ta hana kowa aiki ba. Garin Laisnig ya kafa asusun jama'a a 1523 da shawarar Luther don kula da matalauta, Calvin kuma, wanda ya ce masu bi ne aka fi nufi da 'yan'uwan, ya ƙara da cewa ba a yarda a yi watsi da sauran mabukata ba.

Taƙaitawa mafi tsanani ta zo ne a ƙarni na 19. John Nelson Darby, ɗaya daga cikin jagororin 'Yan'uwa na Plymouth, ya raba tarihin ceto zamani zamani, kuma Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909, ya baza wannan tsari a Amurka da duk inda mishanonta suka je. A wannan karatu rukuni uku ne a wurin shari'ar: tumaki, awaki, da 'yan'uwa. 'Yan'uwan su ne ragowar Yahudawa masu wa'azi a lokacin babban tsanani na ƙarshen zamani, shari'ar kuma ta al'umman da suke raye ce a lokacin dawowar Almasihu, daban da shari'ar matattu da ke cikin Ru'ya ta Yohanna. Da wannan aka warware matsalar ayyuka da bangaskiya, amma da tsada mai yawa, domin an ɗauke misalin daga wuyan mai karatu an rataya shi a wuyan mutanen da ba a haifa ba tukuna. A daidai wannan zamani waɗansu suna tafiya ta ɗaya gefen. Elizabeth Fry ta shiga kurkukun mata na Newgate a Landan a 1813. Tolstoy ya rubuta labarin wani baduku a 1885 wanda ya wuni yana jiran Almasihu yana taimakon masu wucewa. Dorothy Day ta fara aikinta a New York a 1933, Uwa Teresa ta kafa ƙungiyarta a Kalkata a 1950 tana kwasar Hindu da Musulmi masu mutuwa a titi. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta kafa hujja da wannan nassi a kan zama maƙwabcin kowane mutum, Gustabo Gutiyeres na Peru kuma a 1971 ya ɗora tauhidin 'yantarwa a kansa, ya ce ciyar da mayunwaci a yau ya haɗa da tambayar abin da ya sa yake jin yunwa.

Suka mafi nauyi a kan wannan faɗaɗawa ta fito ne daga masana. A 1989 Sherman Gray ya wallafa bincike da ya bi ɗaruruwan masu sharhi tun daga ƙarnukan farko, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka fito fili suka faɗi ko su wane ne 'yan'uwan, masu cewa Kirista ne sun fi yawa har zuwa zamanin nan, kuma ra'ayin cewa kowane mabukaci ne sai a ƙarni na 20 ya yi rinjaye. Masana irin su Graham Stanton da D. A. Carson sun tsaya a kan karatun almajirai. Binciken Gray gaskiya ne, amma abin da ya ƙirga shi ne jimlolin sharhi, kuma a Turai ta tsakiyar zamanai, inda kusan kowane mabaraci an yi masa baftisma, cewa Kirista ake nufi ba ta fitar da kowa daga layin abinci ba. Inda tambayar ta zama ta gaske, a Kartaj lokacin annoba, a Kaisariya lokacin yunwa, a Kalkata, waɗanda suka fi riƙe misalin ba su tsaya tantancewa ba. Nassin kuma yana bayansu. A sura ta 10 an ce a ba almajiri ruwa saboda shi almajiri ne, wato mai bayarwa ya san wanda yake ba. A sura ta 25 bai sani ba. Wanda ya sauke mai wa'azin Yesu a gidansa yana sane da sunan da ya zo da shi, to ina abin mamaki in an ce masa Yesu ya sauke? Masu taƙaitawa sukan ce mamakin na girman dangantakar ne, amma tambayar da ɓangarorin suka yi ta lokaci da wuri ce, ta mutanen da ba su tuna sun taɓa haɗuwa da shi ta kowace fuska ba. Ban da haka, an tara dukan al'ummai, mafi yawansu kuwa sun rayu sun mutu ba su ga mai wa'azi ba, in ma'aunin shi ne yadda aka karɓi mishan to ba abin da za a auna su da shi. A amsar da aka ba na hagu ma ba a sake ambaton 'yan'uwa ba, mafi ƙanƙanta kawai aka ce.

Akwai kuma wurin da aka ajiye misalin. Abin da ya gabace shi misalai uku ne: bawan da aka bar wa gida, 'yan mata goma da fitilunsu, da bayin da aka ba talanti. Dukansu gargaɗi ne ga almajirai, na cikin gida. Zai yi wuya a ce jawabin da ya yi ta ja wa mabiya kunne ya ƙare da zaunar da su a gefen alƙali suna kallon ana yi wa waɗansu shari'a saboda su. Ikilisiyar da ake tsananta wa tana da haƙƙin samun ta'aziyya a nan, kuma Kiristan da aka ƙona wa coci a yau ba za a ce masa ya yi kuskure ba in ya ga kansa cikin ƙananan nan. Amma da ikilisiya ta samu sarauta da dukiya, wannan karatu yakan juye ya zama kariya gare ta, ita da ya kamata ta ji tsoron tambayar. Masu tsoron kada addini ya koma ƙungiyar agaji kawai suna da abin dubawa, sai dai maganin wannan yana cikin sauran surori 27 na littafin, ba sai an rage wa wannan sura ƙarfi ba.

Ƙasar Hausa ta ga wannan rabuwa tsakanin sharhi da aiki da idonta. Mishan ɗin SIM, wadda Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka fara a 1893, wadda kuma cocin ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta ɗebo ma'aikata da yawa daga makarantun Littafi Mai Tsarki na Amurka da Kanada inda tsarin Darby da Scofield ke da ƙarfi. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana su wa'azi a masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe musu a ƙarshen shekarun 1930 ita ce ta kutare, lokacin da aka miƙa musu kula da sansanonin Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A Nijar suka buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya kuma na kutare a Danja kusa da Maraɗi. Mutanen da littafin da ke hannunsu ya ce musu misalin na wani zamani ne mai zuwa, su ne suka shekara da shekaru suna wanke gyambon Musulmi. Sukar da aka yi musu ita ma tana da tushe, domin da yawansu sun ɗauki jinyar a matsayin hanyar samun masu sauraro, batun yaran da suka tashi a sansanonin kuma ya jawo saɓani da sarakuna da iyaye. Wannan shi ne tsohon ciwon da Agustin ya gani a Hippo, ya dawo da wata riga: can mai bayarwa yana ƙirga ladansa, nan yana ƙirga waɗanda suka tuba. Duk inda magani ya zama sharaɗin sauraron wa'azi, an bar tsarin misalin, domin a cikinsa ba a tambayi mayunwacin abin da ya gaskata ba kafin ya ci, ba a kuma tambaye shi ba bayan ya ƙoshi. Gwamnatocin jihohin Nijeriya sun karɓe yawancin asibitocin mishan a shekarun 1970, amma na Galmi yana hannun SIM har yanzu, kuma mafi yawan waɗanda ke kwana a gadajensa Musulmi ne daga Nijar da arewacin Nijeriya.